Yaushe kamfanin inshora zai iya ba da bayanan kuɗin mutum ba tare da ya nemi izininsa ba?

Sayen inshora a Najeriya yanzu bai wuce aikin minti biyar a waya ba. Mai mota zai shiga shafin kamfani ko manhajarsa, ya rubuta sunansa da lambar mota da lambar waya, ya biya Naira 15,000 da katin banki, takardar ta faɗo masa a imel ko WhatsApp. Wannan shi ne kuɗin inshorar dole ta ƙaramar motar gida tun daga 1 ga Janairun 2023, kuma tun watan Fabrairun 2025 'yan sanda suka matsa wajen neman ta a kan hanya. Wani kuma bai ma san ya sayi inshora ba. Ya ci bashi a manhajar lamuni, a cikin kuɗin da aka yanke masa akwai ɗan kason inshorar da za ta biya bashin idan ya rasu. Wani kuwa wurin aikinsa ne ya yi masa.

Ko ta wace hanya aka bi, ƙarshenta dai akwai kamfanin da ke riƙe da abubuwan da mutum ba ya faɗa wa ko aboki: lambar asusunsa, albashinsa, bashin da ake bin sa, darajar motarsa ko shagonsa, da sunan wanda ya ce a bai wa kuɗi bayan ransa. Yawancin masu waya sun ɗauka waɗannan bayanai ba sa fita daga hannun kamfanin sai sun danna maɓallin amincewa. Dokar Najeriya ba haka ta ce ba.

Amincewa ɗaya ce daga cikin dalilai shida

Dokar da ke magana kan wannan ita ce Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, kuma ita ta kafa hukumar NDPC. A idon wannan doka, karɓar bayanin mutum, ajiye shi, duba shi, da miƙa shi ga wani, duk abu ɗaya ne: sarrafa bayani. Sashe na 25 ya lissafa dalilan da ke halasta hakan. Na farko shi ne amincewar mai bayanin. Sauran biyar ba sa buƙatar a tambaye shi: cika yarjejeniyar da shi kansa ya ƙulla, bin wata doka da ta hau kan kamfanin, kare ran mutum, aikin da ya shafi maslahar jama'a ko ikon hukuma, da kuma halastacciyar maslahar kamfanin ko ta wanda za a bai wa bayanin.

Kalmar da ta riƙe waɗannan biyar ɗin ita ce larura. Dokar ba ta ce kamfani ya ba da bayani don yana da amfani a gare shi ko don ya fi masa sauƙi ba; ta ce sai idan aikin ba zai yiwu ba sai da hakan. Saboda haka wanda ya gano bayanansa sun je wani wuri, tambayar "yaushe na amince?" ba za ta kai shi ko'ina ba, domin kamfanin zai iya cewa bai buƙaci amincewarsa ba, kuma ya yi gaskiya. Tambayar da ke da nauyi ita ce: da wane dalili cikin shida aka yi, kuma me ya sa aka ba da wannan adadin bayani ba ƙasa da haka ba?

Akwai wani abin da zai ba mutane da yawa mamaki. Dokar ta ware wasu bayanai ta kira su masu matuƙar sirri, ta tsaurara sharuɗɗansu: lafiyar mutum, zanen yatsa da sauran alamomin jiki, addini, ƙabila, ra'ayin siyasa, rayuwar jima'i, zama ɗan ƙungiyar ƙwadago. Bayanan kuɗi ba sa cikin wannan jerin. Wato sakamakon gwajin asibiti da mutum ya miƙa lokacin sayen inshorar rai yana da kariyar da ta fi ta takardar albashinsa da ke cikin fayil ɗaya.

Inda aikin inshorar kansa ya buƙata

A nan mafi yawan bayanai ke yawo, kuma a nan ba a cika samun gardama ba. Kamfanin inshora ba shi kaɗai yake aiki ba. Idan gobara ta cinye shagon sayar da waya, ba ma'aikacin kamfanin ne ke yanke hukuncin nawa aka yi asara ba. Akwai masu kimanta asara, waɗanda kamfani daban ne, kuma dole a ba su takardun kaya, rasitai, wani lokaci har da bayanan shige da ficen asusun shagon. Idan ta hannun dillalin inshora aka saya, shi ma yana ganin komai. Idan za a biya diyya, lambar asusu za ta bi ta banki da kamfanin da ke tura kuɗi. Manhajar kanta sau da yawa wani kamfanin fasaha ne ya gina ta, kuma bayanan suna zaune a kwamfutocin wani kamfanin ajiya.

Sai kuma wani ɓangare da mai inshora bai taɓa gani ba: kamfanonin inshora su ma suna yin inshora. Idan haɗarin ya yi girma, sukan sayar da wani kaso nasa ga manyan kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su Africa Re da ke da hedikwata a Legas. Wanda zai ɗauki kason asara dole ya san girman abin da ya ɗauka. Haka abin yake a takaful, wato inshorar da aka gina kan tsarin shari'ar Musulunci, wadda kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful ke yi. Bambancin takaful yana kan yadda ake tara kuɗi da raba rara. Dokar bayanai kuwa iri ɗaya ce a kan kowa.

Inshorar bashi ta fi nuna yadda abin yake. Mai ba da lamuni yana aika wa kamfanin inshora sunan wanda ya ci bashi da adadin da ya rage a kansa, kamfanin kuma yana sanar da mai lamuni ko inshorar na nan da ranta. In ba a yi wannan musayar ba, babu inshorar. Haka ma inshorar rai ta ma'aikata. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikacinsa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, don haka adadin albashin ma'aikaci kan isa ofishin kamfanin inshora ba tare da ya sa hannu a ko'ina ba.

Abin da dokar ta ɗora wa kamfani a nan shi ne kada ya saki bayanan haka kawai. Duk wanda zai sarrafa bayani a madadinsa, sai an yi rubutacciyar yarjejeniya da shi, kuma aikin da aka ba shi kaɗai zai yi da bayanin. Mai kimanta asarar da ya ga bayanan asusun shago ba shi da hurumin ajiye su don wani cinikin nasa. Gareji da aka kai mota gyara yana buƙatar sanin abin da inshorar ta ɗauka. Ba ya buƙatar sanin albashin mai motar.

Inda doka ta tilasta, har ta hana a faɗa

Wannan shi ne dalilin da ya fi ƙarfi, domin a nan ko kamfanin yana so ko ba ya so sai ya bayar. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta lissafa kamfanonin inshora cikin cibiyoyin kuɗi, daidai da bankuna. Duk hada-hadar da ta haura Naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ko miliyan 10 ga kamfani, sai an kai rahotonta ga hukumar NFIU, mai tattara bayanan sirri kan harkokin kuɗi, cikin kwana bakwai. Wannan ba ya nufin ana zargin kowa. Adadin kaɗai ya isa.

Na biyun ya fi tsanani. Idan hada-hada ta zo da alamar tambaya, komai ƙanƙantar kuɗin, kamfanin zai kai rahoto cikin sa'o'i 24, kuma laifi ne ma'aikaci ya tsegunta wa mai asusun cewa an kai rahotonsa. Wato ba a neman izini, ba a kuma sanarwa.

Wani zai ce me ya haɗa inshora da kuɗin haram. Hanyar tsohuwa ce. Mutum zai zuba maƙudan kuɗi lokaci ɗaya a inshorar rai mai haɗe da ajiya, bayan 'yan watanni ya ce ya fasa, ya yarda a yanke masa tara, sauran kuɗin su dawo masa daga asusun kamfanin inshora mai suna. Kuɗin da suka shiga ba a san asalinsu ba sun fito da takarda. Shi ya sa wanda ke gaggawar fasa inshora ba tare da damuwa da asarar da zai yi ba, ko wanda ya ce a mayar da kuɗin asusun wani daban, yake jawo ido.

Bayan NFIU akwai NAICOM, hukumar da ke ba kamfanonin inshora lasisi, wadda ke da ikon duba littattafansu. Akwai umarnin kotu. Akwai hukumomin bincike irin su EFCC idan suna aiki bisa ikon da doka ta ba su. Dokar bayanai ma da kanta ta sassauta wasu sharuɗɗanta ga hukumar da ke binciken laifi ko aikin tsaron ƙasa, da kuma inda ake buƙatar bayani don kafa hujja ko kare kai a shari'a. Amma ikon na hukuma ne, ta hanyar da doka ta tsara. Jami'in da ya kira ma'aikacin inshora a waya don ya taya wani abokinsa gano dukiyar wanda yake bi bashi ba ya cikin wannan.

Masu mota suna ganin wani ɗan yanki na wannan tsarin a kan titi. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai mai suna NIID, inda kamfanoni ke shigar da inshorar motocin da suka sayar. Da lambar mota kawai, ta intanet ko ta danna *565*11# a waya, ana iya gane ko takardar ta gaskiya ce. An yi shi ne don maganin takardun bogi da suka daɗe suna yawo a wuraren yin rajistar mota, kuma mai mota na gaskiya shi ya fi cin moriyarsa.

Dalilin da ya fi santsi

Halastacciyar maslaha ita ce wadda kamfani ke iya fakewa da ita idan sauran dalilan ba su dace ba, don haka ita ta fi cancantar a sa mata ido. Misalinta mai kyau shi ne yaƙi da zamba. Idan mutum ya yi wa waya ɗaya inshora a kamfanoni biyu, ya ce an sace ta, ya nemi diyya a duka biyun, kamfanonin suna da dalili mai ƙarfi na tuntuɓar juna, kuma babu mai hankalin da zai ce sai sun nemi izininsa tukuna. Haka idan wani kamfani zai saye wani, ko za a haɗe biyu, fayilolin abokan ciniki za su koma hannun sabon mai shi. Wannan ba ƙaramin batu ba ne yanzu, domin sabuwar dokar inshora da aka sa wa hannu a watan Agustan 2025 ta ɗaga jarin da ake buƙata daga kamfanoni, abin da kan tura ƙanana neman wanda za su haɗe da shi.

Sai dai dokar ta yi wa wannan dalili shinge. Maslahar kamfani ba ta zama halastacciya idan haƙƙin mai bayanin ya rinjaye ta, ko kuma idan mutumin ba zai taɓa tsammanin za a yi amfani da bayaninsa ta wannan hanyar ba. Wannan na biyun ma'auni ne da kowa zai iya gwadawa da kansa. Wanda ya sayi inshorar mota zai yi tsammanin a bincika ko ya taɓa yin ƙaryar haɗari. Ba zai yi tsammanin a aika wa manhajar lamuni lambarsa tare da bayanin cewa motarsa ta kai miliyan goma ba.

Inda babu makawa sai an tambaya

Talla ita ce kan gaba. Kamfanonin inshora da dama 'yan gida ɗaya ne da banki, da kamfanin fansho, da na zuba jari. Kasancewarsu ƙarƙashin uwar kamfani ɗaya bai mayar da su mutum ɗaya a gaban doka ba. Umarnin aiwatarwa da NDPC ta fitar a 2025 ya sa tallan kai-tsaye cikin abubuwan da ke buƙatar amincewa, dokar kanta kuma ta ba kowa damar cewa a daina amfani da bayanansa don talla a duk lokacin da ya ga dama, kuma da ya faɗa dole a daina. Sayar da jerin sunaye da lambobin abokan ciniki ga wani ɗan kasuwa ba shi da mafaka a ko ɗaya daga cikin dalilai biyar ɗin.

Dangi ma haka. Wa ko ƙane, miji ko mata, maigidan da mutum ke yi wa aiki a kasuwa, babu wanda dangantaka kaɗai ta ba shi ikon shiga ofis ya tambayi nawa wane ya zuba ko wa ya rubuta a matsayin mai karɓar kuɗi. A wuraren da kowa ya san kowa, inda wakilin inshora ɗan unguwa ne, ta wannan hanyar sirri ya fi fita, ba ta kutsen kwamfuta ba. Hira ce kawai a majalisa, amma a doka saɓawa ce.

Ita amincewar ma tana da sharuɗɗa. Shiru ba amincewa ba ne. Akwatin da aka riga aka yi wa alama kafin mutum ya taɓa shi ba amincewa ba ne. Idan manhaja ta ƙi sayar da inshorar Naira 5,000 ta adaidaita sahu sai an ba ta damar shiga jerin lambobin waya da saƙonni, dokar ta ce a duba ko wannan amincewar da son rai aka ba da ita, tunda aikin ba ya buƙatar abin da aka nema. Kuma idan gardama ta tashi, kamfanin ne zai kawo shaidar cewa an amince.

Wanda ya nemi amsar wannan tambaya a Google da Turanci, yawanci tsarin Amurka zai fara cin karo da shi, kuma ya bambanta. A can dokar Gramm-Leach-Bliley ta 1999 ta bar kamfanin kuɗi, har da na inshora, ya ba wasu kamfanoni na waje bayanai muddin ya aika wa abokin ciniki sanarwa ya kuma ba shi damar cewa a'a. Wanda ya yi shiru, an wuce da shi. Tsarin Najeriya ya fi kama da na Tarayyar Turai, inda kamfani ne ke nemo dalili kafin ya motsa.

Abin da ke hannun mai waya

Rashin buƙatar izini bai ɗauke wa kamfani nauyin bayani ba. Kafin ya karɓi bayanan mutum, dole ya faɗa masa dalilin karɓa, da hujjar doka da ya dogara da ita, da irin waɗanda zai miƙa wa, da tsawon lokacin da zai ajiye. Wannan shi ne ainihin amfanin doguwar takardar sirri da kowa ke tsallakewa a manhaja. Ba sai an karanta ta duka ba. Sashen da ke lissafa waɗanda ake bai wa bayanai ya isa, kuma idan aka ga an rubuta "abokan hulɗa" kawai ba tare da an faɗi ko su wane iri ne ba, wannan kansa abin tambaya ne.

Sashe na 34 ya ba mutum damar rubuta wa kamfani ya nemi kwafin bayanan da ke hannunsa, da waɗanda aka bai wa, musamman idan suna wajen Najeriya. Fitar da bayani waje yana da nasa sharaɗin: sai inda za a kai shi yana da isasshiyar kariya, ta dokar ƙasar ko ta yarjejeniya mai ɗaurewa, ko kuma a samu wani dalili da dokar ta ambata. Idan aka yi kutse aka kwashi bayanai ta yadda za a iya cutar da masu su, kamfani yana da sa'o'i 72 ya sanar da NDPC, idan haɗarin babba ne kuma ya sanar da mutanen kai tsaye. Gara a yi buƙatar a rubuce, ta imel, a kuma ɗauki hoton allon da ke nuna abin da aka danna da abin da ba a danna ba ranar saye.

Idan kamfani ya yi kunnen uwar shegu, ana kai ƙorafi NDPC. Idan rikicin na diyya ne ko halin wakili, NAICOM tana da sashen karɓar koke. Tarar da dokar ta tanada ga manyan kamfanoni tana iya kai Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. An kuma fara gani a aikace: a watan Agustan 2024 hukumar ta ci bankin Fidelity tarar Naira miliyan 555.8 kan yadda ya sarrafa bayanan mutane, kodayake bankin ya musanta cewa ya saɓa doka. Wanda aka cutar yana kuma iya zuwa kotu da kansa ya nemi diyya.

Abu ɗaya da ke ruɗar masu waya shi ne janye amincewa. Dokar ta ce janyewa ya zama da sauƙi kamar bayarwa, amma abin da aka janye shi ne abin da aka gina kan amincewa kaɗai, kamar talla. Goge manhaja daga waya, ko ma ƙarewar inshorar, ba ya goge fayil ɗin. Dokar hana halasta kuɗin haram ta wajabta a ajiye bayanan abokin ciniki da na hada-hadarsa aƙalla shekara biyar, kuma a cikin waɗannan shekarun hukumar da doka ta ba iko za ta iya neman su a ba ta.